Za a iya sa wa tsohon fok ɗin keken hawan dutse birkin faifai?

"Assalamu alaikum malam. Ina da tsohon keken hawan dutse na wajen 1997 mai taya inci 26, fok ɗin, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, mai shokazoba ne, RockShox Judy, kuma birkin V ne gaba da baya. Matsalata in an yi ruwa ko na shiga taɓo birkin ba ya kamawa sai na matse iya ƙarfina. Ina so in mayar da gaban birkin faifai, to amma fok ɗin ba shi da wajen ɗaurawa. Na ga ana sayar da wani adafta da ake matsewa a jikin ƙafar fok, wani kuma ya ce min kawai in kai a yi min walda. Sannan akwai wani tsohon fok da abokina zai ba ni, shi yana da ramuka biyu a ƙafar hagu amma ban sani ba ko za su dace da birkin yanzu. Dan Allah wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, hanyoyi uku ne a gabanka, ko ka matsa wa Judy ɗinka adafta, ko a yi mata walda, ko ka karɓi fok ɗin abokinka mai ramuka biyu. Biyun farko ka cire su daga ranka tun yanzu, na ukun shi ne abin dubawa, amma shi ma sai ka ɗauko abin awo kafin ka sayi komai. Bari in faɗa maka dalili, don in ka gane inda ƙarfin birki yake bi a jikin fok, sauran duk kai da kanka za ka iya yanke hukunci.

Kekenka ya fito ne a daidai lokacin da abubuwa suke canzawa. Judy ta shigo kasuwa a 1995, Shimano suka fito da birkin V a 1996 kowa ya koma kansa, sai Hayes suka zo da birkin faifai mai mai a 1997, kuma a shekarun nan kowane kamfani yana yin wajen ɗaurawa yadda ya ga dama, sai wajen 2000 aka daidaita kan tsari guda. Shi ya sa za ka ga fok biyu masu suna ɗaya, tsakaninsu shekara biyu ko uku kacal, ɗaya da kunnen faifai, wato wajen ɗaura birkin, ɗaya babu. Wanda babu ɗin ba mantuwa aka yi ba, ba a zana shi don ya ɗauki wannan nauyin ba ne.

Inda ƙarfin yake zuwa

Birkin V yana kama rim ne, can nesa da tsakiyar taya, kusan milimita 280 daga aksil a taya inci 26, ita kuma tayar tana taɓa ƙasa a kusan milimita 330. Kaga ke nan tazarar kusan ɗaya ce, don haka ƙarfin da robar birki take ɗauka bai wuce wanda ƙasa take turo tayar da shi sosai ba, kuma ya rabu biyu, rabi a ƙafar dama rabi a ta hagu, a can sama kusa da bakan da ya haɗa ƙafafun, inda fok ya fi ƙwari. Shi kuwa faifai mai milimita 160, inda fad, wato takalmin birkin da ke matse faifan, yake kamawa bai kai milimita 80 daga aksil ba. Aikin tsayar da keke ɗaya ne, amma milimita 330 ɗin nan na taya ya ninka wannan tazarar fiye da sau huɗu, to dole ƙarfin ya ninka wanda ƙasa take turo tayar da shi fiye da sau huɗu. A ce ƙasa tana turo tayar da ƙarfin kilo 50, birkin V zai sauke wa kowace ƙafa kamar kilo 30, faifai kuwa zai sauke sama da kilo 200 a ƙafa ɗaya tal, ta hagu, a can ƙasa kusa da bakin aksil, kuma ba turawa kawai yake yi ba, murɗa ƙafar yake yi.

Fok ɗin da aka yi shi don faifai an ƙara masa nama a wannan wajen tun a wajen zubi, kunnen da ƙafar jiki ɗaya ne. Naka kuwa ƙafafunsa na ƙasa zubin maganiziyam ne siriri, an rage shi iya ragewa don kada keke ya yi nauyi, bututun sama kuma milimita 28 ne kawai, alhali yawancin fok na kirki na yanzu tsakanin 32 da 38 suke.

Walda da adaftan matsewa

Maganar walda ta mutu tun daga nan. Maganiziyam ba ƙarfen da mai walda zai ɗora wa wuta haka kawai ba ne, ƙurarsa da ɓarɓashinsa ma suna kama wuta, sannan ko an samu gwanin da ya iya, zafin zai lanƙwasa ƙafar, bushin ɗin da ke ciki, wato zoben da bututun sama ke zamewa a cikinsa, ya daina zama daidai, fok ya riƙa cijewa, wajen da aka yi waldar kuma ya yi rauni. In da fok ɗin ƙarfe ne marar shokazoba, eh maƙerin firam yana iya manna masa kunne, kodayake shi ma na kirki sai ya duba kaurin ƙafar tukuna, sau da yawa ya ƙi. Haka huda rami da dirl a jikin ƙafar, kar ma ka fara, rami a zubi nan tsagewa take somawa.

Adaftan matsewa shi ne ya fi jan hankalin mutane don yana da arha kuma a hoto ya yi kyau. Matsalarsa biyu. Ƙafar fok ba a yi ta don a shaƙe ta ba, in ka matse yadda adaftan ba zai juya ba ka danne bututun, in ka sassauta kuma ranar da ka taka birki da gaske sai ya juya, kalifa, wato kan birkin da ke riƙe da fad yana matse faifai, ta faɗa cikin sifok, wayoyin taya ke nan, tayar gaba ta tsaya cak kai kuma ka wuce ta saman kan keke. Na biyu, faifai yana bukatar kalifa ta zauna daidai, tazarar fad da faifai ba ta kai rabin milimita ba kowane gefe, abin da ke motsi ba zai riƙe wannan saitin ba. An sha kawo min kekuna da irin wannan adaftan, wasu har da ƙullin roba da aka cusa don ya cike giɓi, duk wanda na kwance sai na tarar ya ci fenti ya fara cin ƙarfen. A baya akwai adafta masu ɗan mutunci, irin waɗanda suke zama a kan aksil su miƙa dogon hannu zuwa ƙusar birkin V don raba ƙarfin, kuma in na baya ya gaza yawanci taya ce za ta ja ƙasa ka dafa ƙafa. A gaba kuwa ni dai ba na ɗaura wa kowa, ko mai keken ya ce ya ɗauki alhakin.

Akwai wata dabara da ta halatta, wato a canza ƙafafun ƙasa gaba ɗaya da na fok irinsa wanda ya fito da kunne. Tana yiwuwa in kaurin bututu ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin bututun biyu ɗaya ce, kuma yadda sandunan ciki suke ɗaurewa a ƙasa iri ɗaya ne. Sai dai suna ɗaya ba ya nufin awo ɗaya, kamfanoni suna canza waɗannan daga shekara zuwa shekara, kuma kafin ka samo ƙafafun da bushin ɗinsu bai ƙare ba, wallahi gara ka sayi fok ɗin ɗungurungum.

Fok ɗin abokinka

Ɗauko abin awo ka auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ɗayan. In ramukan suna kallon gefe, wato noti yana shiga ta hanyar da aksil yake bi, ba su da tiredi a ciki, kuma tazarar milimita 51 ce, to tsarin da ake kira IS (International Standard) ne kuma ka dace. In kuwa wasu ƙusoshi biyu ne da suka miƙo baya masu tiredi a ciki, tazararsu milimita 74, tsarin PM (Post Mount) ne, wanda Manitou suka daɗe suna amfani da shi kuma yanzu kusan kowa ya koma kansa. In ka auna ka ga ba 51 ba ba 74 ba, to ka faɗa cikin tsarin wani kamfani na ƙarshen shekarun 1990, kuma neman adaftansa wahala ce da ba ta da riba, ka mayar masa da abinsa ka yi godiya.

Kusan duk kalifar da za ka saya yau PM ce. A fok mai PM 160 da faifai 160 kai tsaye take zama ba adafta. A fok mai IS kana bukatar adaftan IS zuwa PM, wannan shi ne adafta na gaskiya, ɗan guntun alminiyam da noti huɗu, na Shimano sunansa SM-MA-F160P/S. Ka kula da harafin F ɗin nan, na gaba ke nan. A tsarin IS gaba da baya sun bambanta da milimita 20, adaftan da ke ba da 160 a gaba 140 yake bayarwa a baya, don haka in ka ɗauko na baya mai 160 ka sa a gaba kalifa za ta tsaya a wajen faifai 180, fad ya riƙa kama gefen faifan kaɗai. Wannan kuskuren shi na fi gani a wajen masu ɗaurawa da kansu.

Girman faifai kuma ka tsaya a 160. Na san 180 da 203 suna burgewa, kuma eh sun fi kamawa, to amma tsofaffin fok masu siririn bututu da yawansu 160 ko 165 aka ƙayyade musu, babban faifai yana bukatar dogon adafta wanda ke ƙara wa kunnen murɗa, sannan yana sa ka iya taka birki da ƙarfin da fok ɗin bai saba gani ba. In an rubuta iyaka a jikin ƙafar ko a takardar kamfanin ka bi ta. In kana da nauyi sosai ko kana saukowa dogayen gangare har 160 ya kasa maka, to fok ɗin ne ya yi maka kaɗan, ba faifan ba.

Kafin duk wannan ka tabbata fok ɗin zai ma shiga firam ɗinka. Bututun wuya ko inci 1 ne ko inci 1 da 1/8, wato milimita 25.4 ko 28.6, kekunan 1997 yawanci na biyun ne, sannan tsawonsa ya isa, don abokinka ya riga ya yanke shi daidai nasa keken kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka auna daga aksil zuwa kafaɗar fok a duka biyun. Firam ɗinka an zana shi ne don fok mai nitsewar milimita 63 zuwa 80, duk ƙarin milimita 20 a tsawo yana kwantar da kan keke da kusan digiri ɗaya, 100 za a iya jurewa, 120 ko 130 kuwa tuƙi zai lalace kuma wuyan firam zai ɗauki nauyin da ba nasa ba. Sai ka riƙe birki ka girgiza keken gaba da baya ka ji ko bushin yana ƙwanƙwasa, ka duba ko sil yana zubar da mai, musamman na hagu, don man nan zai gangaro kai tsaye kan faifai kuma fad ɗin da ya sha mai ya gama aiki.

Abin da aka fi mantawa da shi

Kalifa tana bayan ƙafar fok, kuma a daidai wannan wajen faifai sama yake tafiya in keke yana gaba. Da fad ya cafke faifan, tayar tana neman ta juya a kan kalifar, sai aksil ya nemi yin ƙasa, bakin fok na da kuma, wato tsagar da aksil yake zama a ciki, ƙasa yake kallo. Ma'ana duk lokacin da ka taka birki akwai ƙarfin da ke ƙoƙarin fitar da tayar daga fok. Wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya mai suna James Annan ya yi bayanin wannan dalla dalla a 2003, har da yadda motsin yake sassauta notin sandar da ke kulle taya a fok a hankali, daga baya kamfanoni suka fara karkatar da bakin fok zuwa gaba, sannan aka koma aksil mai ratsawa, na milimita 20 da na 15, wanda taya ba ta da hanyar fita. Tsohon fok ɗinka ba shi da ko ɗaya, aksil milimita 9 ne a buɗaɗɗen baki, siririyar sanda mai milimita 5 ce kawai take riƙe da shi.

Don haka sandar kulle, QR ɗin nan mai liba, ba wajen tsimi ba ce. Ka nemi wadda kam ɗinta, wato abin da ke matsewa in ka rufe liba, yake a ciki irin ta Shimano, ta ƙarfe, mai haƙora a fuskokinta, ka guji marasa nauyin nan masu kam a waje da ke zaune a kan roba don matsinsu bai kai ba. In ka rufe libar ta bar maka shaida a tafin hannu. Ɗan tudun nan da ke bakin fok wanda ke hana taya faɗowa, masu tsere da yawa a da sun goge shi da zarto don saurin cire taya, ka duba na abokinka, in an goge to ni a wajena wannan fok ɗin bai cancanci faifai ba. Sannan ka buɗe libar gaba ɗaya ka gani ko tana iya kaiwa faifai, don a 2015 kamfanin keke na Trek sun janye kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka da Kanada saboda libar da ke buɗewa fiye da digiri 180 ta shiga cikin faifai. Ni nakan juya libar ta koma gefen dama, nesa da faifan, hannu ma ya huta da ƙuna.

Taya da birkin kansa

Hob ɗinka na yanzu, wato cibiyar taya inda sifok suke haɗuwa, ba shi da wajen faifai, sai sabo mai faɗin milimita 100 na QR, ko wanda ake ɗaura masa faifai da noti shida ko Centerlock mai zoben kulle guda ɗaya. Za ka iya riƙe rim ɗinka a saƙa masa sabon hob, amma sifok sababbi za a sa don tsawon ya canza, kuma dole saƙar ta zama mai giciye, uku uku ya fi, saboda yanzu ƙarfin birki ta hob yake bi ya ratsa sifok zuwa rim, saƙar da sifok ke miƙewa sak daga tsakiya ba za ta ɗauka ba. Gaskiya rim ɗin da birkin V ya shekara ashirin da wani abu yana gogawa bai cancanci a kashe masa wannan aikin ba, sayen taya ɗaya haɗaɗɗiya ya fi sauƙi.

Na waya ko na mai? In libar birkinka da abin canza giya a haɗe suke jiki ɗaya, na waya zai tsare maka su, irin Avid BB7 na keken dutse yana aiki da libar birkin V kai tsaye don jan waya ɗaya ne. Ka dai kula akwai BB7 na keken titi mai gajeren ja, ba shi ba. Ka sa sabuwar waya da sabon kwanso mai tauri, rabin ƙorafin da ake yi wa birkin waya daga tsohon kwanso ne. Na mai ya fi daɗi a hannu kuma yana saita kansa in fad yana cinyewa, ko na Shimano mafi arha ya wadatar wa irin wannan keken, sai dai zai zo da libarsa. In ka ɗauki na mai ka san wane mai yake sha, Shimano da Magura da Tektro man minaral ne, Hope da yawancin Hayes da tsofaffin Avid DOT ne, irin man birkin mota, in ka cakuɗa sil ɗin ciki zai kumbura ya lalace.

Wajen ɗaurawa ka kankare fenti daga fuskar kunnen IS ya zauna sumul, tsofaffin kunnuwa sau da yawa ba su miƙe daidai ba kuma akwai na'urar da shagon gyara ke gyara fuskar da ita. Notin kalifa da na adafta ƙarfin ɗaurinsu Nm 6 zuwa 8 ne a sifana mai awo a na Shimano, da ɗan gam ɗin noti mai shuɗi. Ka sassauta notin kalifa biyu, ka matse liba, ka ɗaure su kaɗan kaɗan kana riƙe da ita. Tiyo ko waya ta bi ta cikin ƙafar hagu a ɗaure ta a ƙafar ƙasa ko a bakan, ba a bututun da ke nitsewa ba, ka danna fok ɗin har ƙasa ka gani ba ta taɓa taya. Ƙusoshin birkin V da suka rage kar ka yi saurin cirewa, a wasu tsofaffin fok su ne suke riƙe da bakan. Bayan nan ka gasa fad ɗin, ka ɗan yi gudu ka taka birki da ƙarfi har ka kusa tsayawa ka saki, kamar sau ashirin, kafin nan zai yi kamar ma bai kai birkin V ɗinka ba.

Za ka ji bambanci ɗaya da ba a faɗa wa mutane, fok ɗin zai riƙa nitsewa sosai in ka taka birki kuma kan zai ɗan ja hagu, siririn fok ne yake murɗewa. In abin kaɗan ne ka ƙara wa sifirin tauri ka saba da shi, in kuwa har faifai yana gogar fad a kowace kwana to fok ɗin yana gaya maka iyakarsa ke nan.

Ban riƙe fok ɗin abokin naka a hannu ba, kuma tsagewa a maganiziyam takan ɓuya a ƙarƙashin fenti, musamman inda fentin ya kumbura ko ya yi farin gari, ba abin da za a gane daga bayani ba ne. Ka wanke shi tas ka haska tocila a gindin kunnen da bakin aksil da bakan, in ka ga ko da layi ɗaya siriri kamar gashi a ajiye shi. In hakan ta faru har yanzu ana yin fok sababbi na inci 26 masu miƙaƙƙen wuya 1 da 1/8 da QR, ko kuma fok ɗin ƙarfe marar shokazoba mai kunnen faifai wanda aka tsawaita ya yi daidai da na shokazoba, wanda gaskiya ya fi mataccen shokazoba daɗin tuƙi nesa ba kusa ba.

In kuma Judy ɗin ce ba ka son rabuwa da ita, kafin ka kashe kuɗi ka gwada gyara birkin V ɗin. Robar da ta tsufa takan yi tauri ta daina kamawa ko a bushe, ka sa Kool Stop mai launin salmon da aka yi don jiƙa, sabuwar waya, ka goge rim da barasar goge-goge ka cire ɓarɓashin ƙarfen da ya nutse a roba. Akwai kuma Magura HS33, birkin mai ne amma rim yake kamawa kuma a ƙusoshin V ɗinka yake zama, matsinsa yana da ƙarfi sosai har ana so a sa masa bakan ƙarfafawa. A taɓo mai kauri ba zai kai faifai ba tunda rim ɗin ne yake shiga taɓon. Na baya kuwa ka bar shi V ko da ka sa faifai a gaba, babu laifi a haɗa su, gaba ne yake yin mafi yawan aikin tsayawa, kawai ka tabbata rim ɗin bayan mai gefen birki ne in ka zo canza shi.